Yadda Ake Tankaɗe Jawabin Ɗan Takarar Shugaban Ƙasa Kafin A Tura Wa Mutanen Gida

Bahaushen Najeriya da ke zaune a Makka ko Jidda ko Madina ba shi da ƙuri'a a zaɓen shugaban ƙasa. Ba a ajiye akwati a ofishin jakadanci na Riyad ko ƙaramin ofishin Jidda, kuma da aka kawo ƙudurin bai wa mazauna ƙetare damar zaɓe a watan Maris na 2022, Majalisar Tarayya ta yi watsi da shi. Amma duk mai aika riyal gida a ƙarshen wata ya san maganarsa tana da nauyi. In ya tura bidiyon ɗan takara a zauren WhatsApp na dangi ya rubuta "wannan ne mutumin", ƙuri'un gida guda na iya bin bayan saƙon. Jawabin kamfe kuwa don kunne aka tsara shi, don a ji a yi tafi a watse. Aikin da ke ƙasa shi ne a raba daɗin bakin da abin da za a iya riƙe mutum a kai. Abin da ake buƙata: waya, takarda da biro, da kamar awa ɗaya da rabi ga jawabi mai tsawon minti 20 zuwa 30.

Samo jawabin gaba ɗayansa

Saudiyya na gaban Najeriya da awa biyu. Gangamin da aka yi da la'asar a Kaduna, kafin ka dawo daga sallar Isha'i guntayensa sun cika waya, cikakken kuwa sai can dare ko washegari. Guntun nan na daƙiƙa 40 wani ne ya zaɓo shi, ko don ya ɗaga ɗan takarar ko don ya kayar da shi. Kada ka yi aiki da shi. Nemi cikakken a shafin YouTube na gidajen talabijin irin su NTA, Channels, Arise ko Trust TV, ko a shafin Facebook na ɗan takarar. In guntun kawai ka samu, dokar ita ce sai ka ji minti biyu kafinsa da minti biyu bayansa.

A saman takarda rubuta abu huɗu: ranar jawabin, garin, su wa aka tara, da harshen da aka yi magana. Ranar ta fi kowanne muhimmanci, domin 'yan siyasarmu suna sauya sheƙa. Atiku Abubakar ya yi takarar 2007 a AC, ya nemi tikitin APC a 2014, ya tsaya a PDP a 2019 da 2023. Rabi'u Musa Kwankwaso ya yi PDP, ya yi APC, ya koma PDP, ya tsaya a NNPP a 2023. Mutum ɗaya zai iya samuwa a bidiyo yana yabon wanda yake suka yau, kuma duka biyun shi ne ya faɗa. Duba tutocin da ke bayansa, tsintsiya ce ko lema. In an ɗora fassarar Hausa a kan muryarsa, nemi na asali, don mai fassara yakan ƙara gishiri. In kuma leɓe ba ya tafiya daidai da murya, ko muryar ba ta numfashi ba ta tuntuɓe, ajiye shi: yanzu ana haɗa muryar mutum da kwamfuta.

Saurare na farko, ba biro

Ka saurara kamar kana filin. Ka bari ya yi maka aiki. Da ya ƙare, rubuta wurare biyu ko uku da tsigar jikinka ta tashi, ko ka yi dariya, ko ranka ya ɓaci, tare da mintin da abin ya faru. Mutane da yawa suna tsallake wannan don suna ganin su sun fi ƙarfin daɗin baki. Hadisin da Bukhari ya ruwaito ya ce lalle a cikin bayani akwai sihiri, kuma bai ware masu ilimi ba. Wuraren da ka rubuta nan ne marubucin jawabin ya fi zuba ƙoƙarinsa, nan kuma za ka fi komawa.

Da wa yake magana?

Duk ɗalibin da ya zauna ajin balaga a Jami'ar Musulunci ta Madina ya haddace cewa balaga ita ce magana ta dace da halin da ake ciki. Halin ɗan takarar Najeriya kundin tsarin mulki ne ya tsara shi. Sashe na 134 ya ce rinjayen ƙuri'a kaɗai bai isa ba, sai ya samu aƙalla kashi 25 cikin 100 a kashi biyu bisa uku na jihohi, wato 24 daga 36. Ba wanda yankinsa kaɗai zai kai shi. Dole ya yi magana a Sakkwato, ya yi a Fatakwal, ya yi a Jos, ga mutanen da damuwarsu ta bambanta.

Saboda haka jawabi ɗaya ba ya isa hukunci. Samo na biyu daga wani yanki ka jera su. Sauya gaisuwa da sutura, babbar riga a Kano da jar hula a Inugu, wannan ladabi ne, ba yaudara ba. Abin dubawa shi ne alkawarin da ya fito a wuri ɗaya ya ɓace a ɗayan: rabon arzikin mai, 'yan sandan jihohi, rikicin manoma da makiyaya, kason harajin kayayyaki. A kula kuma da jawabin da aka yi wa wakilan jam'iyya kafin zaɓen fid da gwani, domin a nan ake magana ba rufi. A watan Yunin 2022 Bola Tinubu ya tsaya gaban wakilan APC a Abeokuta ya yi magana da Yarbanci, ya lissafa waɗanda ya taimaka wa suka hau mulki, ya ce yanzu lokacinsa ne. Don mutanen ɗakin aka yi maganar, amma kafin gari ya waye ƙasa duka ta ji.

Takarda mai gida huɗu

Ja layi uku a tsaye, takardar ta rabu gida huɗu. Gida na farko: abin da ya faɗa game da kansa. Na biyu: abin da ya faɗa don sosa zuciya, tsoro ne ko fushi ko fata. Na uku: hujja da lissafi. Waɗannan ukun tun zamanin Aristotle aka san su. Na huɗu namu ne: alkawari. Sake kunna jawabin, rage saurinsa zuwa 0.75 a YouTube, kana tsayarwa bayan kowace jimla biyu ko uku kana saka ta a gidanta da kalma kaɗan. Gaisuwar sarakuna da gwamnoni da shugabannin jam'iyya, wadda kan ci mintuna biyar na farko, tsallake ta, sai dai ka lura da wanda aka ƙi ambata.

Kada ka yi mamaki in gida biyu na farko suka cika har bayan takarda, na huɗu kuwa layi uku. Haka jawabin gangami yake, kuma ba laifi ba ne a kansa. Laifin mai sauraro ne in ya ɗauki abin gida na farko ya lissafa shi a na huɗu. Ranar 18 ga Satumba 2010, a dandalin Eagle da ke Abuja, Goodluck Jonathan ya ba da labarin yadda ya je makaranta ba takalmi. Labarin ya ratsa ƙasa, kuma ya yi aiki a zaɓen 2011. Magoya bayan Muhammadu Buhari sun gina kamfe sukutum a kan laƙabin Mai Gaskiya. Duka biyun suna gaya maka wane ne mutumin. Ba ɗayansu da ya gaya maka nawa za a kashe wa makarantu. Ga kowane labari irin wannan, tambaya ɗaya ce: wane mataki na mulki ya biyo bayansa a jimlar gaba? In babu, bar shi a gidansa.

Dabarun da za ka yi ta cin karo da su

Maimaici shi ne uban tafiya. Gajeriyar kalma da taro zai amsa, a yi ta dawowa kanta. Barack Obama ya yi jawabinsa na "E, za mu iya" a New Hampshire ranar 8 ga Janairun 2008, a daren da ya sha kaye a zaɓen fid da gwani na jihar, amma amshin ya mai da faɗuwa kamar nasara. Mu ma mun san wannan tun daga Sawaba ta NEPU da Salama ta NPC, zuwa Nasara ta PRP da Canji ta 2015. Amfanin amshi shi ne bakin mai sauraro ne ke faɗa, mutum kuwa ba ya son ƙaryata abin da ya fito daga bakinsa. A takardarka rubuta shi sau ɗaya, ko da an faɗe shi sau ashirin.

Sai jera abu uku. Buhari a 2015 ya tsaya kan tsaro, tattalin arziki da yaƙi da cin hanci, har yaro ya haddace. Umaru Musa 'Yar'aduwa ya zo da ƙudurori bakwai, kuma ko a lokacin ba kowa ke iya kawo su a jere ba. Uku na zama a ka, amma kanun magana ne, ba tsari ba.

Sai gwama kishiyoyi, abin da malaman badi'i, wato ilimin ƙawata magana a balaga, ke kira ɗibaƙi da muƙabala. Peter Obi ya yi ta cewa zai fitar da ƙasa daga ci zuwa samarwa. A jawabin rantsuwa na 29 ga Mayun 2015 Buhari ya ce shi na kowa ne kuma ba na kowa ba. Irin wannan jimla tana da daɗi saboda ma'auninta, kunne ya ji ɓangarorin sun daidaita sai ya ɗauka an kammala hujja. Gwada sake faɗinta da kalmominka ba tare da ma'aunin ba, ka ga abin da ya rage.

Tambayar da ba amsa take nema ba. Mako guda kafin zaɓen Amurka na 1980, Ronald Reagan ya dubi kyamara ya tambayi masu kallo ko rayuwarsu ta fi ta shekara huɗu da suka wuce. Ɗan adawa a ko'ina yana da irinta: "Nawa kuke sayen mudun shinkafa a da? Yanzu fa?" Tambayar gaskiya ce, ciwon ma gaskiya ne. Abin da ta tsallake shi ne dalilin tsadar da kuma ko mai tambayar na da magani.

Habaici da gugar zana su ne namu na gado. "Wasu mutane", "waɗanda kuka sani", "masu ganin ƙasar gadon gidansu ce". Taro ya cika sunan da kansa, ɗan takara kuma in an tsare shi ya ce bai ambaci kowa ba. Zargin da ba suna, ba rana, ba adadi, gida na biyu yake tafiya, ba na uku ba.

Wanda ya fi wuyar kamawa a jawabin Hausa shi ne wakilin suna. Saurari bambancin "zan gina", "za mu gina" da "za a gina". Na farko ya ɗaure kansa. Na biyu ya raba nauyin da jam'iyya. Na ukun ba mai shi. Mai mulki da ke neman zarcewa yakan ce "na kawo" a wurin nasara, "an samu matsala" a wurin gazawa. Ja layi a ƙarƙashin kowane "an" da "aka" da "za a", ka rubuta a gefe: wa? Haka kuma "mu" da "su". A minti na biyar "mu" na iya nufin 'yan Najeriya, a minti na goma sha biyar ta koma 'yan Arewa, a ƙarshe ta zama 'yan jam'iyya, ba tare da an sanar da kai an sauya ba.

Karin magana kuwa rufe baki take yi. Ɗan takara mai shekaru ya ce da tsohuwar zuma ake magani, fili ya ɗauka. Abokin hamayyarsa ya hau washegari ya ce jiki magayi, fili ya ɗauka. Tunda kowane ɓangare na da tasa, ba ta raba gardama.

Batun addini na buƙatar natsuwa, musamman gare mu da ke zaune kusa da Harami. Manyan 'yan siyasa suna cika Makka a goman ƙarshe na Ramadan, kuma hoton mutum sanye da harami a gaban Ka'aba yakan isa gida kafin shi. Niyyarsa tsakaninsa da Ubangijinsa ce. Amma in shafin kamfe ne ya wallafa hoton, ya zama ɓangaren jawabi, gidansa na farko. Aya ko hadisi a farkon magana ba sa tabbatar da lissafin da ya biyo baya. Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, ta hana kalaman da ke taɓa addini ko ƙabila da cin zarafi, ta kuma hana kamfe a wuraren ibada.

Alkawari: tambaya biyar

Yanzu koma gida na huɗu. Kowane alkawari a yi masa tambaya biyar: mene ne takamaimai, nawa, zuwa yaushe, da kuɗin ina, kuma ikon wa ne. Wanda ya amsa uku ya cancanci a riƙe. Wanda bai amsa ko ɗaya ba, irin "za mu inganta rayuwar talaka", mai da shi gida na biyu.

Tambaya ta biyar ita ce mutane suka fi mantawa. Soja, 'yan sanda, kwastan, kuɗin ƙasa, fasfo, hulɗa da ƙasashen waje da ma'adinai suna hannun tarayya. In ɗan takara ya yi magana kan tsaro, ko jinkirin sabunta fasfo a ƙetare, ko yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata da wata ƙasa, ko Hukumar Alhazai ta NAHCON, yana cikin gonarsa, a riƙe shi da kyau. Firamare da asibitin sha-ka-tafi kuwa aikin jiha da ƙaramar hukuma ne, filaye kuma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa su ga gwamnoni. Kasafin kuɗi sai sanatoci 109 da wakilai 360 sun amince. 'Yan sandan jihohi, ƙirƙiro sabuwar jiha, ko ƙuri'ar mazauna ƙetare duk gyaran tsarin mulki suke buƙata, gyaran kuwa ba ya tabbata sai majalisun jihohi aƙalla 24 sun yarda. Wanda ya ce "zan ba ku damar zaɓe daga Saudiyya" ya yi alkawarin abin da ba shi kaɗai ke da shi ba. Daidai shi ne ya ce zai aika ƙuduri, ya faɗi lokacin.

Alkawari mai kaifi ma ba tabbas ba ne. George Bush babba ya ce a 1988 a karanta leɓensa, ba sabon haraji. A 1990 ya sa hannu a ƙarin haraji, a 1992 ya faɗi zaɓe. Amfanin kaifin shi ne ya ba masu zaɓe abin riƙewa.

Akwai kuma alkawarin da ake cikawa amma ba a faɗi kuɗinsa ba, kuma wannan ya fi cizo. Tinubu da Atiku da Obi duk sun ce za su cire tallafin man fetur. Ranar 29 ga Mayun 2023, a jawabin rantsuwarsa, Tinubu ya ce tallafi ya tafi, cikin kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500. A jawabin ranar an kuma yi maganar haɗa farashin canji wuri ɗaya. Riyal a ɗaure yake da dala a kan 3.75, don haka lissafin mai sauƙi ne: dala a naira 460 na nufin riyal ɗaya kusan naira 123 a farashin gwamnati, dala a 1,500 kamar yadda ta kai a farkon 2024 na nufin naira 400. Mai aika kuɗi ya ga adadi ya ƙaru, amma kasuwar gida ta cinye ƙarin, kujerar Hajji kuma da ta kusa naira miliyan 3 a 2023 ta haura miliyan 6 a 2024. Don haka ƙara tambaya a gefen takarda: in ya cika wannan, wa zai biya a watanni shida na farko, kuma me ya ce zai yi musu?

Lambobi

Lamba a bakin ɗan takara tana shiga kunne kamar an gama magana. Tambayi shekararta da wanda ya fitar da ita. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 a ƙarshen 2020. A 2023 ta fitar da kashi 4.1. Ba ayyuka ne suka yi ambaliya ba, hanyar ƙirga aka sauya, wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako ya shiga sahun masu aiki. Ɗan adawa zai ɗauki ta farko, mai mulki ya ɗauki ta biyu, kowa ya ce hukuma ce ta faɗa. Haka bashin ƙasa: in an faɗe shi da naira, faɗuwar naira kaɗai na kumbura shi, don haka nemi adadinsa da dala a shafin Ofishin Kula da Basussuka. "Mun gina hanya kilomita kaza" a tambaya: an ba da kwangila ne, an fara, ko motoci na bi? Masu tantance labarai irin su Dubawa da Africa Check sukan bi manyan jawabai, duba ko sun riga ka.

Saurare na uku gajere ne. Rubuta abu biyar da suka fi damun gidanku, sannan ka nemi su a jawabin. Abin da bai ambata ba sam, rubuta shi da jan biro.

Inda aikin ke lalacewa

Mafi yawa a wuri ɗaya ne: mutum ya yi wa ɗan takarar da ya tsana wannan aikin, nasa kuwa ya ɗaga masa ƙafa. Fara da naka. In kuna yi a majalisa bayan Isha'i ana zagaya shayi, kowa ya ɗauki takardar wanda ba ya goyon baya, ya fara karanto gida na huɗu kafin ya yi suka. Kuskure na biyu shi ne ɗaukar ƙwarewar magana a matsayin shaidar ƙarya, ko in'ina a matsayin shaidar gaskiya. Akwai mai gaskiya mai fasaha, akwai maƙaryaci da ba ya iya haɗa jimla.

A tuna kuma da inda ake zaune. Saudiyya ba ta yarda da gangamin siyasa ko zanga-zanga ba, ɗaga tuta ko hoton ɗan takara a Harami ko a Mina da Arfa na iya jawo kamu, kuma dokar laifukan intanet tana hukunta ɓata suna. Mai igama, wato takardar izinin zama, da ke ƙarƙashin kafili, wanda ya tsaya masa a ƙasar, ba shi da sararin wasa da wannan. Tattaunawa a tsaya cikin gida da waya, ba zagi, ba tura zargin da ba ka tabbatar ba.

In za ka aika gida, kada ka tura bidiyon tsirara. Haɗa shi da saƙon murya da bai wuce minti biyu ba: rana da garin jawabin, alkawari biyu da suka amsa tambayoyi, ɗaya da ba ikonsa ba ne, da abin da bai taɓo ba. Ga babba kuma a kiyaye harshe, misali: "Baba, barka da dare, ya ƙarfin jiki? Na saurari jawabin nan na Kaduna duka. Maganar tura sojoji dajin ya faɗi wata shida, wannan ikonsa ne, a riƙe. Maganar gyaran firamaren garinmu kuwa, Allah ya ƙara maka lafiya, ta gwamna ce, shi za a tambaya. Bai ce komai kan takin zamani ba." Takardar kuma ɗauki hotonta ka ajiye a waya, ka fito da ita ranar da sabon shugaban ya kai kasafin kuɗinsa na farko majalisa, ka duba ko alkawuran gida na huɗu sun samu layi da adadi a ciki.